Kurmi a Bayan Tifa

Ranar da injin tifar ya yi tari, Inna tana bakin tagar kicin tana cuɗa tukunya, saura ƙiris ta sake ta a kan ƙafarta. Ta san ƙarar komai na gidan nan, tun daga ƙyauren banɗaki har minsharin mijinta, amma wannan ƙarar ta manta da ita sarai. Tari ɗaya, tari biyu, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe farfajiya, tsuntsaye suka watse daga bayan motar kamar an jefe su.

"Ta tashi! Innar yara, fito ki gani, ta tashi!"

Mijinta ne, Baba Direba, hula a hannu yana tsalle, tsalle na gaske, mutumin da sai ya dafa bango yake miƙewa daga tabarma. Daga ƙarƙashin motar kuma mijin Auta ya jawo jiki ya fito, baƙin mai har kunne, yana murmushi yana sunkuyar da kai. Bakanike ne, kuma tun da ya auri autar gidan, duk ranar da ba ya gareji sai ya zo ya gaida surukai ya shige ƙarƙashin tifa. Inna ta ɗauka kunya ce take sa shi ɓuya a can. Ashe gyara yake yi.

Shekara goma sha wani abu ke nan tifar tana tsaye a wurin. Wata rana ce Baba Direba ya ɗebo yashi cike da bodi zai kai wa wani mai gini a can ƙarshen gari, ya ce bari ya biyo gida ya ci abincin rana. Ya ci, ya wanke hannu, ya hau, ya murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zancen ba. Aka nemi ƙarfen da ya lalace aka rasa. Kafin a samo shi yanar ido ta kama Baba, kafin a yi masa aikin idon kuma tayoyi sun zauna. Mai ginin tuni ya samo yashi a wani wuri ya ci gaba da harkarsa. Amma Baba ya kafe. Shi tun da ya fara riƙe sitiyari bai taɓa ɗaukar kaya bai kai ba, kuma ba da furfura zai fara ba. Yashin nan na mutane ne, amana ne, ba mai taɓa shi.

Da gaske fa yake. Inna ta taɓa neman cikin hannu ɗaya ta goge gindin tukunya, ya yi kicin-kicin da fuska kamar ta ce a ba ta injin. Da ciyawa ta fara fitowa maƙwabci ya kawo lauje zai yankar wa akuyarsa, Baba ya ce abin da ya tsiro a cikin kayan mutum na mai kayan ne, ya je ya nemi izini a can. Maƙwabci ya tafi yana girgiza kai, akuya kuma ta ci kwali.

Don haka babu hannun da ya taɓa tulin yashin, kuma Inna ce ta ga komai, saboda tagar kicin ɗinta shi take kallo. Da farko ba abin gani, yashi ne tsirara, rana ta gasa shi, ko tururuwa ba ta hawa. Sai ƙura ta riƙa sauka, da busasshen ganyen da iska ke kwasowa, suka taru a kusurwoyi. Wata damina wani kore-kore ya bayyana a inda ruwa ke kwanciya, gansakuka ce, abin da bai isa a kalla sau biyu ba. Rani ya zo ta bushe, ta bar baƙi-baƙi kamar an barbaɗa toka. A kan wannan baƙin ne 'yan ciyayi suka sami wurin tsayawa, siraran nan masu saurin fure da saurin mutuwa, su ma suka mutu suka ruɓe a wurin. Bayansu aka yi zamanin ƙaya, shekarun da Inna ba ta son tunawa, don duk zanin da ta shanya kusa sai ya kwaso rabonsa.

Sannan tumfafiya ta zo a kan iska da 'yar audugarta, ta yi tsayi, ta baza faffaɗan ganye, ta zama uwar ɗakin wurin. Ita ce kuwa ta jawo wa kanta. Tsuntsaye suka sami wurin sauka, suka riƙa zama a kanta suna kashi, a cikin kashin nan kuma akwai 'ya'yan ɓaure da na dalbejiya. Suka tsiro a inuwarta lafiya lau, tana kare su daga rana, har suka fi ta tsawo suka rufe mata sama. Tumfafiya ta rame, ta rame, ta bushe a tsaye. Ƙayar ma ta tattara nata ya nata ta koma can gefen da rana ke duka. Inna ta ce abin nasu kamar na 'yan haya ne, kowa sai ya share ɗaki ya yi masa fenti, sannan wanda ya fi shi ƙarfi ya zo ya fitar masa da kaya. Ta yi wa tumfafiya juyayi na kwana biyu, amma fa inuwar ɓaure daban ce.

Yanzu ɓauren ya kai rufin gida, dalbejiya biyu suna take masa baya, wata ciyawa mai yaɗo ta sauko ta rufe lambar mota. Akwai kurciyoyi, akwai ƙadangaru, akwai wata hawainiya da Inna ke gaisarwa, da damina kuma kwaɗi. Daga azahar inuwar takan kwanta daidai ƙofar kicin, a nan Inna ta ajiye benci. A nan take tsince shinkafa, a nan take jin rediyo, a nan barci ke sace ta baki buɗe. Duk faɗin duniya ba ta da wurin da take so kamar nan.

Sai dai ba ta taɓa faɗa ba, don baki ya riga ya saba da wani zancen. Tun zamanin da yashin ke tsirara, kullum safiya sai ta ce, "Wai yaushe za a ɗauke mini wannan tarkacen ƙarfe?" A lokacin har zuci take faɗa. Daga baya abin ya zama gaisuwa: ta faɗa, Baba ya ce, "Mako mai zuwa," kowa ya sha shayinsa. Ba wanda ya gaya wa mijin Auta cewa gaisuwa ce.

Ga shi nan yanzu ya durƙusa a ƙofar kicin, yana goge hannu da tsumma.

"Inna, kullum ina jin kina kuka da motar nan, abin yana damuna. Shi ne na ce bari in share miki hawaye. Gobe war haka in Allah ya so za ki ga farfajiyarki fes."

"Allah ya yi albarka," in ji Inna, kamar mai haɗiye ƙashi.

Ina za ta iya duban idon surukinta ta ce ya mayar da ƙarfen da ya yi wata da watanni yana nema? Ta juya kan mijinta, wanda ke zagaya motar yana shafa mata ƙofa.

"Malam, ina za ka kai ta?"

"Ina kuwa? Zan kai wa mutumin nan kayansa."

"Wane kaya?"

"Yashinsa mana."

"Malam, don Allah ɗaga kai ka dubi abin da ke kan motar nan."

Ya ɗaga kai, ya dubi ɓauren tun daga gindi har sama, idon da aka gyara yana ƙyalli. "Na gani," ya ce. "Ya sami gyara."

Da la'asar Inna ta zauna a bencinta da faranti a cinya, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsince ba. Sau nawa ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta tuna yawan shekarun da ta yi tana zagin motar a gaban maƙwabta, bakin ya rufe kansa. Ta ji haushin Baba, ta ji haushin yaron nan mai kirkin da ya yi yawa, ta fi jin haushin harshenta.

Washegari tun da hantsi gidan ya zama kasuwa. An sa wa tifa tayoyi, an zuba mata gas, an yi ta fama da babbar ƙofar gidan da ta manta yadda ake buɗewa. Auta ta iso da doguwar gora mai baki biyu, ta ce ita ce za ta hau baya ta riƙa ɗaga wayoyin lantarki, kuma tun kafin ta hau dariya ta hana ta tsayuwa. Sai ga Inna ta fito da mayafi da takalmin unguwa.

"Ina zuwa, Inna?" in ji Auta.

"Zan je in gani da idona an rabu da ita. Ban yarda da ubanki ba."

Aka tura ta gaba, tsakanin Baba da suruki, ta takure kamar baƙuwa. Baba ya yi bisimilla, ya taka kuloci, ya sa giya. Motar ta yi nishi, ta yunƙura, sai ta tsaya cak kamar an riƙe mata zani. Wata saiwar ɓaure ce ta bi ta ramin da tsatsa ta ci a bodi, ta sauko ta kama ƙasa ba wanda ya sani. Baba ya ƙara totur. Aka ji ƙas! Inna ta ji shi har cikin haƙoranta, ta dafe baki da mayafi.

Daga nan kuma, jama'a, sai abin ya koma biki. Kurmi ya fito kan titi yana rangaji. Mai shayin bakin layi ya tsaya da buta a sama har shayin ya cika kofi ya malale. Wani mai keke ya waiwayo, ya sake waiwayowa, ya shige cikin tulin katifu. Kurciyoyin da aka tashi da gidansu suka biyo motar a sama suna kewaya ta, suna neman ba'asi. Akuyar maƙwabci, ko jikar jikarta, ta biyo su a guje tana fizgar ciyawar da ke jan ƙasa, ta samu abin da aka hana kakanninta. A baya Auta tana ɗaga waya da gora tana ihu, "Baba, a hankali! Baba, dama! Wayyo cikina!"

Da suka tsaya a mahaɗar hanya, rana tana dukan kowa, sai 'yan babur suka lura akwai inuwa. Ɗaya ya matso, na biyu ya matso, kan ka ce kwabo sun yi dandazo a gefen tifar suna cire hular kwano suna fifita. Da aka ba da hannu suka ƙi wucewa, suka biyo ta a hankali, inuwa na tafiya suna tafiya. 'Ya'yan ɓaure kuwa sai faɗowa suke kan rufin wata farar mota, ƙwas, ƙwas, mai ita yana leƙowa yana neman wanda ke jifansa.

Jami'in da ke ba da hannu ya tsayar da su. Ya zagaya motar, ya dawo, ya cire tabarau.

"Baba, me ka ɗauko?"

"Yashi ne, ranka ya daɗe."

"Yashi."

"Yashi."

Daidai nan hawainiya ta sauko kan gilashin gaba, taku ɗaya tunani ɗaya, ta juya ido guda ta dubi jami'in.

"Wuce, Baba," ya ce. "Wuce kafin kaina ya juye."

Inna ta yi iya ƙoƙarinta. Ta cije leɓe, ta kalli gefe, ta tuna wa kanta cewa baƙin ciki take yi. Ina! Dariya ta ƙwace mata, ta fashe har da buga cinya, a gaban suruki, mayafi ya zame ba ta sani ba. Suruki ya juya fuska ga taga, kafaɗunsa suna rawa. Baba kuwa ba a magana. Hannunsa yana zuwa kan giya da kansa ba ya ko dubawa, yana danna oda ba dalili, yana ɗaga wa mutanen da bai sani ba hannu, yana wani rera waƙa da muryar da Inna ta manta yana da ita. Bayansa ya miƙe. Ta dube shi ta gefen ido ta ga saurayin da ya taɓa zuwa ƙofar gidansu da mota wankakkiya yana taƙama, sai ta ji daɗi ya kama ta har wuya.

Sannan idonta ya faɗa kan madubin gefe. Ganye ne ke bin bayansu a kan kwalta, kore shar, iska tana tsige shi tana watsarwa. Dariyar ta ɗauke.

Sun sha wuya kafin su gane gidan. Baba yana ta neman wani fili mai babbar tsamiya, inda ya san ana ginin, alhali babu fili babu tsamiya, sai benaye da shaguna. Da tambaya da kwatance dai suka isa wata ƙofar ƙarfe, aka buɗe musu. Gida ne babba, an shafe farfajiyarsa da siminti daga bango zuwa bango, zafi yana tashi daga ƙasa kamar daga tanda. Can a jikin katanga, cikin wata 'yar inuwa mai faɗin tabarma, wani dattijo yana zaune a kujerar roba da sanda a tsakanin ƙafafu. Shi ne mai yashin.

Baba ya diro, ya gyara hula, ya yi sallama.

"Alhaji, na kawo kayanka. A yi haƙuri, an ɗan makara."

Dattijon ya dube shi, ya dubi motar, ya dubi Auta a cikin reshe da gora a hannu da ganye a ka. Sai da aka yi masa bayani sau biyu. Da ya gane, ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, ya ce gidan da aka nemi yashin dominsa har an aurar da 'ya'ya a cikinsa. Amma yana dariyar yana matsowa, har ya shiga inuwar motar. Nan ya tsaya. Ya ɗaga kai, iska ta kaɗa ganye, ya lumshe ido.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Duk wannan nawa ne?"

"Naka ne, Alhaji. Ko ganye ban bari an tsinka ba."

"To wallahi na karɓa. Akwai wani lungu can baya da ba a yi wa siminti ba. Juye mini a can."

Duk hanya Inna tana ta lallashin kanta cewa mutumin zai yi dariya ya kore su, wa zai karɓi yashin shekara goma sha wani abu? Ga shi ya karɓa hannu bibbiyu. Auta ta sauko, suruki ya tsaya a baya yana ba da hannu, Baba ya ja motar da baya har bakin lungun. Ya kai hannu kan ƙarfen da ake ja don bodi ya ɗaga.

"Kada ka juye."

Ba ta san da ƙarfi ta faɗa ba sai da ta ga kowa ya waiwayo.

"Me kika ce, Innar yara?"

"Na ce kada ka juye!" Ta buɗe ƙofa ta sauko da kanta, ba ta jira an kama ta ba, ta je ta dafa bodin. "Ina so. Ina son abina. Tun yana kore-koren da ba a kallo nake kallonsa. Na san inda kowace ciyawa ta mutu. In ka juye shi saiwarsa za ta kakkarye, in ma ya rayu a gidan wani zai rayu, ni kuma in koma in zauna da me? Da bango?"

"Ba ke ce kullum kike cewa a ɗauke miki tarkace ba?"

"Ni ce! Baki ne, Malam. Kai ma ai kullum kana cewa mako mai zuwa, ka taɓa ganin na shirya?"

Auta ta toshe baki. Suruki ya rasa inda zai sa kansa, ƙasa kawai yake kallo kamar zai tona ta ya shige. Inna kuwa hawaye ne ke zuba, ga kunya ga haushi, ba ta ko share ba.

Baba ya sauko daga mota a hankali. Ya dubi matarsa, ya dubi dattijon, fuskarsa ta nuna mutumin da aka ja ta gefe biyu. Amana ce a gabansa, ya kawo ta har gida bayan shekaru, saura jan ƙarfe ɗaya. Sannan ya ce wa suruki ya kama masa, ya taka taya ya hau bodin.

Direbobin tifa na da, kafin su juye kaya, sukan damƙo cikin hannu su nuna wa mai shi, ya gani ya yarda abin da ya ce a kawo ne aka kawo. Baba bai taɓa tsallake wannan ba. Ya durƙusa a gindin ɓaure, ya kawar da ruɓaɓɓen ganye, ya tura hannu. Abin da ya fito da shi baƙi ne, mai laushi, mai sanyi, da ƙanshin ƙasar da ruwa ya daka, wata tana tana murɗawa a ciki. Ya sake turawa har gwiwar hannu, saiwoyi suka tare shi. Ya sauko da damƙin, ya buɗe tafinsa a gaban dattijon.

"Alhaji, duba kayanka. Abin da ka ce a kawo ke nan?"

Dattijon ya dubi baƙar ƙasar. Ya ɗaga kai ya dubi ganyen da ke masa fifita, kallon mai yunwa. Sannan ya dubi Inna, ya daɗe yana dubanta.

"A'a," ya ce. "Ni yashi na ce. Wannan ba kayana ba ne, direba. Mayar wa mai shi."

Inna ta durƙusa ta yi godiya. Sannan ta ce masa abin ba wuya, ya sa a zuba masa yashi a lungun nan ya hana kowa taɓawa, zai ga ikon Allah, da farko kore-kore ne, daga nan ciyawa, sai ƙaya.

"Hajiya," ya ce yana murmushi, "dube ni da kyau. Ko ƙayar ba zan gani ba."

Sai ta sa Auta ta koma sama ta tono 'yar dalbejiya ɗaya daga cikin masu jiran layi a ƙarƙashin ɓauren, da ƙasarta baƙa, aka sa a tsohon gwangwani. Dattijon ya karɓa ya rungume a ƙirji, ya raka su har ƙofa yana tafiya cikin inuwar motar.

A hanyar dawowa Inna ta ce ita baya za ta hau. Aka yi, aka yi, ta ƙi. Ta zauna a gindin ɓauren ta rungume shi da hannu ɗaya, Auta na gefenta da gora, su biyun suna ta ƙyaƙyata dariya ba dalili. Baba kuwa bai taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba. Masu tafiya a ƙasa suna wuce su. Kowane rami sai ya tsaya ya lallaɓa shi, motocin baya suna ta oda yana miƙo hannu ta taga yana ce musu su wuce.

Da suka shiga gida ya leƙo da kai.

"Mai kaya, ina za a ajiye miki?"

Ai kuwa Inna ta samu abin yi. Ta sauko ta tsaya a ƙofar kicin, hannu a ƙugu. Ya yi gaba kaɗan. A'a, ya yi yawa, ya dawo. Ya karkata hagu. Ba wannan hagun ba. Sai da ta sa shi ya kai ya kawo har suruki ya yi gumi, sannan inuwar ta kwanta inda take so, ta rufe benci da ƙofar da rabin taga.

"Nan," ta ce. "Tsaya nan."

Ya ja birki. Amma bai kashe ba. Ya zauna a ciki, hannu biyu a kan sitiyari, injin yana ta gurnani a hankali, lafiyayye, kamar bai taɓa ciwo ba. Suruki ya matso da fara'a ya ce yanzu tunda ta tashi, sai a riƙa ɗan fita da ita ko sau ɗaya a mako, kada ta sake kwanciya. Baba ya leƙa madubi ya dubi ɓauren, wanda gefe guda ya tsige, reshe biyu sun karye suna reto, ganyen da ya rage ya yi laushi.

"Kayan nan ba za su ƙara jure hanya ba," ya ce.

Ya kai hannu ya murɗa makulli. Shirun da ya biyo baya ya cika gidan.

"Ɗana, cire batirin ka kai gareji, wani zai amfana. Tayoyin ma ka kwance."

"Baba, duka aikin..."

"Aikinka ya yi kyau. Na tuƙa ta, ai ka gani."

Inna tana tsaye tana kallonsa. Ita ce ta zauna kusa da shi ɗazu, ita ta ji waƙar, ta san abin da ya kashe da hannunsa. Tausayinsa ya kama ta, da wani son da ta kwana biyu ba ta ji irinsa ba. Ya sauko, sai da ya dafa ƙofar motar sannan ƙafarsa ta sami ƙasa, bayansa ya sake ranƙwafawa yadda yake a da. Ya tsaya a rana yana juya hula a hannu, mutumin da bai san inda zai nufa ba.

Ta ɗauke farantin da ke kan benci, ta matsa gefe, ta kaɗe masa wurin da bakin mayafinta.

"Malam," ta ce, "zo ka zauna, rana tana dukanka."